Shehu Usmanu Ɗanfodiyo: Shekaru 30 Na Wa'azi Da Suka Gabaci Jihadi

Da zarar an ambaci sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, abin da yake fara faɗowa a zukatan akasarin mutane shi ne tuta da dawaki, da gumurzun Tabkin Kwatto, da faɗuwar birnin Alƙalawa. Littattafan tarihi na makarantun boko ma a nan suka fi tsayawa. Amma wanda ya zauna ya lissafa shekarun wannan bawan Allah zai ga wani abu dabam. Shehu ya rayu shekara 62 da 'yan watanni. Tsakanin hijirarsa a 1804 da cin Alƙalawa a 1808 ba a cika shekara biyar ba. Wa'azi kuwa tun yana ɗan shekara 20 ya fara shi, ya kuma shafe shekara 30 cur yana yawo da shi gari-gari, ƙauye-ƙauye, kafin ya amince a fita fagen fama.

Waɗannan shekaru 30 su ne tushen duk abin da ya biyo baya. A cikinsu ne aka ga yadda Shehu ya fahimci wajibcin kira zuwa ga addinin Allah, da mutanen da suka fi buƙatar kiran, da harshen da za a yi musu magana da shi, da kuma abin da mai kira ya kamata ya nema ko ya mayar idan ya tsaya gaban mai mulki. Mas'aloli ne da har yau ba su tsufa ba, musamman ga wanda aikinsa ya ajiye shi kusa da masu iko.

Asali da neman ilimi

An haifi Shehu a Maratta da ke ƙasar Gobir, wadda a yau take cikin Jamhuriyar Nijar, ranar 15 ga Disamba, 1754. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. Su Fulani ne Toronkawa, zuriyar Musa Jakollo wanda ya jagoranci kakanninsu daga Futa Toro suka sauka a yankin Ƙonni. Gidan malanta ne tun asali, kalmar Fodiyo ma malami take nufi. Yana ƙarami iyayensa suka koma Degel, a can ya tashi.

Wurin mahaifinsa ya karanci Alƙur'ani, sannan ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya kamar yadda almajirancin wancan zamani ya gada, kowane malami da littafin da ya ƙware a kai. Daga cikinsu akwai Usmanu Binduri, ɗan'uwan iyayensa, wanda ya shahara da tsoron Allah da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna, kuma shi ne Shehu ya fara kwaikwayo a halayya. Akwai Muhammadu ɗan Raji wanda ya karantar da shi Sahihul Bukhari. Sai kuma Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin da ya fi kowa tasiri a kansa, mai zafi a kan gyara, wanda Shehu ya bi har Agadas. Da Malam Jibrilu ya ɗaura niyyar tafiya Hajji, Shehu ya dawo gida domin bai samu izinin mahaifinsa ba. Haka Allah Ya ƙaddara, har ya koma ga Mahaliccinsa bai taka ƙasar Makka ba, duk da begen Manzon Allah (SAW) da ya cika waƙoƙinsa tun yana saurayi.

Ƙasar da ya tarar

Musulunci ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa lokacin da Shehu ya taso. Tun ƙarni na 14 Wangarawa suka iso Kano a zamanin Sarki Yaji, kuma a ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya zauna a Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha kan tafiyar da mulki. Akwai masallatai, akwai alƙalai, akwai manyan malamai a Katsina da 'Yandoto da sauran garuruwa. Sai dai ilimin ya taru a hannun 'yan kaɗan. Manomi a ƙauye da makiyayi a ruga suna iya amsa sunan Musulunci ba su san farillan alwala ba. Ana salla ana kuma yanka wa duwatsu da itatuwa. A fada kuwa, malamai da dama sun zama 'yan amshin shata, suna halatta wa sarki abin da ya ga dama domin abin da za su samu. Su ne Shehu ya riƙa kira miyagun malamai a rubuce-rubucensa.

Daga baya, a cikin Kitabul Farƙi, ya jera irin zaluncin da ya gani a hannun sarakuna: haraji da jangali da ba su da tushe a shari'a, ƙwace kayan talakawa a kasuwa, tilasta wa mutane zuwa yaƙi, sayar da hukunci ga mai kuɗi, da kuma gaisuwa, wato kyautar da dole mai buƙata ya miƙa kafin a kai shi gaban mai mulki. Don haka masu buƙatar kira kashi uku ne: Musulmin da bai san addininsa ba, da wanda bai shiga Musulunci ba yana bin addinin gargajiya, da mai mulkin da ke da'awar Musulunci alhali talakawansa na kuka da shi. Kowanne da irin maganar da ta dace da shi.

Fitowa wa'azi

A wajajen 1774 Shehu ya fara wa'azi a Degel, bai kuma jira ya gama karatu ba. Yana koyarwa yana ci gaba da ɗaukar darasi wurin malamansa. Matsayinsa shi ne, wanda ya san mas'ala ɗaya malami ne a kanta, kuma wajibi ne ya isar da ita ga wanda bai sani ba. A nan ya bi sawun Imam Gazali, wanda ya yi bayanin cewa ya kamata kowane masallaci da kowace unguwa da kowane ƙauye su samu mai koyar da mutane addini, kuma malamin da ya sauke nauyin kansa ya fita zuwa ƙauyukan da ke kewaye da shi ɗauke da guzurinsa. Asalin hukuncin yana cikin Alƙur'ani, a Suratu Ali Imrana aya ta 104 da ta ɗora wa al'umma nauyin samar da masu kira zuwa ga alheri, da Suratun Nahli aya ta 125 da ta shimfiɗa hanyoyin kiran guda uku, wato hikima da kyakkyawan wa'azi da muhawara ta hanya mafi kyau.

Shehu bai zauna a zaure yana jiran a zo masa ba. Ya nufi ƙasar Kabi tare da ƙanensa Abdullahi, wanda ya zame masa almajiri kuma abokin tafiya, mutane da yawa suka tuba suka bi shi. Ya koma Degel, ya sake fita. Tafiya mafi tsawo ita ce ta Zamfara, inda suka yi kimanin shekara biyar daga tsakiyar shekarun 1780. Abdullahi ya siffanta Zamfara ta lokacin a littafinsa Tazyinul Waraƙat da cewa ƙasa ce da jahilci ya yi wa katutu, akasarin mutanenta ba su san komai na Musulunci ba. Shekara biyar a wuri guda tana nuna irin haƙurin da aikin ya ci. Shehu ya zauna da mutanen, ya maimaita musu darasi ɗaya har ya zauna, ya kuma bar almajirai a bayansa.

Yadda majalisinsa yake

Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya tashi yana kallon mahaifinsa, ya bar cikakken bayanin yadda Shehu yake wa'azi a cikin Infaƙul Maisuri da ya rubuta a 1812. Ya ce idan Shehu zai fita wurin jama'a yakan ɗan tsaya a gefe cikin gida shi kaɗai kafin ya fito. Da Bello ya tambayi dalili, sai Shehu ya bayyana masa cewa niyyarsa yake sabuntawa, yana ɗaukar wa Allah alkawarin tsarkake zuciya a kan abin da zai faɗa, yana kuma roƙon Allah Ya fahimtar da masu sauraro. Idan ya iso majalisi yakan yi sallama da murya mai kaiwa ga kowa, ya zauna, ya gaishe da mutane da sakin fuska.

Mahalarta majalisin ba duka ne masu ladabi ba. Akwai mutanen karkara da ba su saba zaman karatu ba, masu surutu ana cikin magana, masu jefo tambaya ba a gama bayani ba. Bello ya shaida cewa bai ga mahaifinsa ya fusata ko ya ƙosa da su ba. Yakan dakata ya amsa tambayar, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. Yana da wa'azin jama'a na mako-mako, yana da karatun almajirai bayan La'asar a fannonin tafsiri da hadisi da fiƙihu da tasawwufi, wani lokaci kuma ya sake fitowa bayan Lisha.

Darasin ma a tsare yake. Yakan fara da tauhidi a sauƙaƙe, sai tsarki da alwala da salla da azumi da zakka, sai hukunce-hukuncen aure da ciniki, sannan gyaran zuciya daga hassada da girman kai da riya, ya rufe da tsoratarwa da kwaɗaitarwa. Bai bar wannan tsari a kansa shi kaɗai ba, ya rubuta wa almajiransa littafi musamman kan shirya mai kira zuwa ga addinin Allah, mai suna I'idadud Da'i, domin duk wanda ya fita da sunan jama'ar ya san abin da zai fara da shi da abin da zai jinkirta.

Harshen da mutane ke ji

Larabci shi ne harshen ilimi, da shi Shehu ya rubuta littattafansa sama da ɗari. Amma ya san cewa mai kiwo da mai noma da matar da ke daka ba za su buɗe littafin Larabci ba. Saboda haka wa'azinsa da Fulatanci da Hausa yake yin sa, ya kuma zuba ilimin cikin waƙoƙi da aka rubuta da ajami. Waƙa ba ta buƙatar takarda. Wanda ya haddace ta a Degel zai rera ta a kasuwa, wani ya ɗauka ya wuce da ita wata ƙasar, makaho ma ya yi bara da ita. Ta wannan hanya hukuncin gado da siffofin Lahira da gargaɗi ga azzalumai suka shiga gidajen da malami bai taɓa takawa ba. Abdullahi ma ya yi nasa, daga baya kuma 'ya'yan Shehu, Nana Asma'u da Isa, suka mayar da wasu waƙoƙinsa na Fulatanci zuwa Hausa. Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu riƙe da amanar jama'a, tana cikin waɗanda suka bi wannan hanya, kuma har yau ana jin ta.

Mata a majalisi

Abin da ya fara jawo wa Shehu suka daga malaman zamaninsa shi ne barin mata su halarci wa'azinsa. A lokacin zaman Zamfara wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko masa da waƙa yana neman ya hana su zuwa, domin gudun cakuɗuwa da maza. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba shi amsa, shi ma a waƙe. Taƙaicen amsar shi ne, ana ware wa mata wurinsu, kuma ko da akwai ɓarna a fitowarsu, barinsu cikin jahilcin addini ya fi ta girma, shari'a kuwa ta yi umarni a kauce wa babbar ɓarna ko da za a haƙura da ƙarama.

A cikin Nurul Albab ya juyo kan malaman da kansu. Ya zarge su da tara almajirai a waje domin neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san hukuncin tsarki da salla ba, ana amfani da su kamar kayan ɗaki. Ya kuma fara da gidansa. Nana Asma'u, wadda aka haifa a Degel a 1793, ta zama malama mai rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Bayan rasuwar mahaifinta ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, wato shugabannin mata, ta ba su malfa a matsayin alama, su riƙa kawo matan ƙauyuka karatu suna kuma mayar musu da darasi. Ta rasu a 1864, amma tsarin bai mutu da ita ba.

Tsoron kafirta Musulmi

Wani fagen da Shehu ya sha fama a kansa shi ne na almajirai masu zafin kai. A zamanin an samu ɗalibai da suka ɗan leƙa ilimin tauhidi, sai suka riƙa tare talakawa suna yi musu tambayoyi masu sarƙaƙiya kan siffofin Allah, wanda ya kasa kawo hujja irin ta malamai su ce ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Shehu ya tsaya tsayin daka a kan cewa wanda ya furta kalmar shahada yana kuma bin hukunce-hukuncen Musulunci a zahiri Musulmi ne, abin da ke zuciya kuwa Allah kaɗai Ya san shi. Bello ya ce mahaifinsa ya yi rubuce-rubuce kusan 50 a kan wannan fitina kaɗai.

Har malaminsa Jibrilu bai bari ba a wannan babi. Malam Jibrilu ya tafi a kan cewa mai dogewa kan wasu manyan zunubai ya fita daga Musulunci. Shehu ya rubuta cewa wannan ba matsayin Ahlus Sunna ba ne, saɓo dabam, kafirci dabam. Ya yi raddin cikin ladabi, yana nema wa malaminsa uzuri da cewa tsananin kishin addini ne ya kai shi, bai kuma daina ambatonsa da alheri ba har ƙarshen rayuwarsa.

Babban littafinsa na wannan zango, Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a, ya kammala shi a 1793. Ya bi babobin addini ɗaya bayan ɗaya yana nuna sunna a kowanne da bidi'ar da ta shiga cikinsa. Tun a gabatarwa ya bayyana cewa manufarsa raya sunna ce, ba tonon asirin mutane ko bin diddigin aibobinsu ba, ya kuma ja kunnen mai karatu kada ya mayar da littafin makamin cin mutuncin Musulmi. Ya riƙe ƙa'idar cewa ba a tsananta inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa.

Ranar Magami

A farkon al'amarinsa Shehu ba ya zuwa fada. Abdullahi ya ce sai da jama'arsa ta yawaita, sunansa ya kai kunnen sarakuna, sannan ya ga babu makawa sai ya je. Ya tafi wurin Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, sarki mafi ƙarfi a yankin a lokacin, ya yi masa bayanin Musulunci na gaskiya, ya kira shi zuwa ga tsayar da adalci. Wannan ziyara ta buɗe masa ƙofa, domin wanda sarki ya saurara, hakimi ba zai kore shi ba.

A wajajen 1788 Bawa ya tara malaman ƙasarsa a Magami domin Babbar Salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Ruwayoyi sun ce kason Shehu ya kai mithƙali 500 na zinariya. Shehu ya miƙe a gaban taron ya nuna cewa shi da jama'arsa ba su da buƙatar dukiyar sarki, a madadinta yana roƙon abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana duk wanda ya so amsa kiran, a mutunta duk mai rawani, a saki waɗanda ke tsare a kurkuku, kada kuma a ɗora wa talakawa harajin da ya fi ƙarfinsu. Bawa ya amince da su duka.

Idan aka dubi buƙatun nan biyar, babu ko ɗaya da ta shafi aljihun Shehu ko muƙami ga danginsa. Uku na farko 'yancin yin kira ne da kare waɗanda suka amsa, biyu na ƙarshe kuwa sun shafi kowane talaka, Musulmi ne ko ba Musulmi ba. Hausawa na cewa idan baki ya ci, ido kan ji kunya. Da Shehu ya karɓi zinariyar, da wuya ya iya ɗaga ido ya yi maganar fursunoni da haraji. Sauran malaman sun koma gida da kyautarsu, tarihi bai riƙe sunayen akasarinsu ba. An kuma ruwaito cewa a gida Shehu tufafinsa ƙalilan ne, kuma yakan tuƙa igiya a sayar domin ya ci daga gumin kansa.

Daga wa'azi zuwa hijira

Bayan rasuwar Bawa da ta magajinsa Yakuba, al'amura suka sauya. Jama'ar Shehu ta yi yawa har fada ta fara ganin ta a matsayin wata hukuma cikin hukuma. Sarki Nafata ya sa aka yi shela a kasuwanni cewa ban da Shehu babu wanda aka yarda ya yi wa'azi, wanda bai gaji Musulunci daga iyayensa ba ya koma addinin kakanninsa, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Wato an warware abin da aka ƙulla a Magami. Ita kanta wannan doka shaida ce cewa mutane suna shiga Musulunci ta hanyar wa'azi da yawan da ya tayar wa fada hankali.

Da Yunfa ya hau gadon sarauta rikicin ya ƙara tsananta. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta afka wa Gimbana, inda Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu, yake zaune da mutanensa. Da aka biyo da kamammu ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka ƙwace su. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita daga Degel da iyalinsa kaɗai ya bar sauran. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa, ranar 21 ga Fabrairu, 1804 suka yi hijira zuwa Gudu, a can aka yi masa mubaya'a a matsayin Sarkin Musulmi. A watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'a suka yi nasara. Ko a lokacin bai ajiye alƙalami ba, ya aika wa sarakunan Hausa wasiƙu yana kiransu su goyi bayan gaskiya. Sarkin Zazzau Jatau ya amsa, sauran suka ƙi.

Yaƙin ya ci rayuka masu yawa. A Tsuntsuwa kaɗai an rasa mahaddata Alƙur'ani kimanin 200, mutanen da aka shafe shekaru ana rainonsu. Ga yunwa, ga annoba, ga garuruwan da suka tashi. Jagorancin runduna yana hannun Abdullahi da Bello da Aliyu Jedo, Shehu kuwa ya ci gaba da karantarwa da rubutu, a tsakiyar yaƙin ma ya kammala Bayanu Wujubil Hijra a 1806.

Almajiran da suka kai kiran gabas

Abin da ya sa jihadin ya bazu cikin 'yan shekaru daga Gobir har Adamawa shi ne almajiran da aka riga aka yaye a shekarun wa'azi. Waɗanda suka karɓi tuta malamai ne kafin su zama sarakuna: Malam Sulaimanu a Kano, Malam Ummarun Dallaje a Katsina, Malam Musa a Zazzau, Malam Yakubu a Bauchi, Modibbo Adama a Fombina. A kwarin kogin Gongola kuwa Modibbo Buba Yero ne, wanda ya yi karatu wurin Shehu ya koma ƙasarsu, ya kafa masarautar Gombe da hedikwata a Gombe Abba, ya rasu a 1841. A zamanin Turawa aka mayar da hedikwatar Nafaɗa a 1913, sannan Doma a 1919, inda birnin Gombe yake a yau, wanda ya zama babban birnin jiha a 1996.

Tarihin Gombe yana nuna iyakar abin da tuta ke iya yi. Dawakin masarauta ba su mallake duwatsun Tangale da Waja ba, kuma daga baya da yawa daga mutanen can suka karɓi Kiristanci. Yau a Nasarawo da Bolari da Jekadafari da Herwagana, Bafulatani da Batera da Babole da Batangale suna kasuwa ɗaya, suna aiki a ofis ɗaya. Abin da ya rage yana aiki a irin waɗannan unguwanni daga gadon Shehu shi ne na shekarun farko: makarantar allo, da Islamiyyar matan aure, da karatun tsakanin Magariba da Lisha, da tafsirin watan azumi da harshen da kowa ke ji.

Bayan nasara

Nasarar ba ta zo wa Shehu da kwanciyar hankali ba. Tun kafin Alƙalawa ta faɗi, Abdullahi ya ga yadda son ganima da muƙami da ƙawar duniya suka fara shiga zukatan mayaƙa, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar a 1807 da niyyar tafiya Makka. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam kan tsarin mulki, sannan ya dawo. Daga Borno kuma Shehu Muhammadu El-Kanemi ya aiko da wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana cewa saɓo ba ya mayar da Musulmi kafiri, wato irin hujjar da Shehu da kansa ya taɓa kafa wa malaminsa. Amsar Sakkwato ita ce sarakunan Borno sun taimaki maƙiya a kan Musulmi. Bello bai ɓoye wannan muhawara ba, ya kwafe wasiƙun El-Kanemi cikin littafinsa, na baya suka samu damar auna hujjojin ɓangarorin biyu.

Shehu bai zauna kan karagar mulki ba. Ya koma Sifawa, ya raba tafiyar da daula a 1812, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello, shi kuwa ya koma kan buzunsa na karantarwa. Rubuce-rubucensa na wannan lokaci, irin su Najmul Ikhwan, sun karkata ga sauƙaƙa wa mutane, da hana almajirai tsananta wa juna kan mas'alolin saɓani, da jan kunnen sababbin masu mulki kada su koma ga abin da aka yaƙi na da a kansa. A 1815 ya koma Sakkwato, ya yi jinya, ya rasu ranar 20 ga Afrilu, 1817. Kabarinsa yana Hubbare.

Zamanin tuta ya wuce. Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa a sashe na 10, ya kuma ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi a sashe na 38. Abu na farko da Shehu ya roƙa a Magami ke nan, yau doka ta bayar da shi kyauta. Abin da doka ba ta iya bayarwa shi ne sauran sharuɗɗan da ya cika kafin maganarsa ta yi nauyi: ilimin abin da ake kira zuwa gare shi, da haƙuri da mai tambaya, da kame baki daga kafirta mutane, da kame hannu daga dukiyar da ba ta halatta ba. Ma'aikacin da ba ya karɓar gaisuwa kafin ya motsa fayil, da hadimin da ke isar wa maigidansa kukan talakawa yadda yake ba tare da ya rage masa ɗaci ba, suna cikin masu wannan aiki ko da ba su taɓa hawa mumbari ba, domin abokin aikinsu da ba Musulmi ba halinsu yake karantawa kafin ya saurari wa'azin kowa.

Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu, Ya kai haske kabarinsa.